Ya Tsaya Ne, Ko An Tsayar Da Shi?

Gabatarwa

Da wuya a sami wata magana da ɗalibin jami'a ya saba ji lokacin rajista kamar "saba ta faɗi." Ita ce amsar da ake ba wanda ya kasa biyan kuɗin makaranta, ita ake ba wanda ya zo duba sakamakon jarrabawa, ita kuma ake ba wanda ya je banki ya tarar da layi har bakin titi. Da zarar an faɗe ta sai kowa ya ja bakinsa ya yi shiru, kamar dai an ce hadari ya taso, wato abin da babu hannun kowa a ciki. Alhali kuwa sau da yawa sabar tana nan a kunne, fankarta na juyawa, fitilunta na ƙyalli. Abin da ya faru shi ne ɗaya daga cikin ƙananan manhajojin da ke yi mata aiki a bayan fage ta daina aiki, kuma ta ƙi tashi.

Maganin da aka fi sani a irin wannan hali shi ne "kashe ka kunna." In abin ya tashi, shi ke nan, kowa ya watse. Ra'ayina a wannan rubutu shi ne wannan ɗabi'a ba gyara ba ce, jinkirta ɓarna ce kawai. Duk mai kula da saba da ya tarar da wani aiki na bayan fage a kashe, wajibi ne ya tambayi kansa tambayar da ke kan wannan shafi kafin ya taɓa komai: ya tsaya ne, ko an tsayar da shi? Kuma ina ganin babu wanda ya fi ɗalibin harshe cancantar fahimtar nauyin wannan tambaya, domin asalinta tambayar nahawu ce.

Su Wane Ne Hadiman Bayan Fage?

Saba, wadda wasu ke kira uwar-garke, kwamfuta ce da aka ajiye domin ta yi wa sauran kwamfutoci hidima. Ba kasafai ake samun mutum zaune a gabanta yana danne-danne ba. Aikinta yana hannun wasu manhajoji da ke tashi tare da ita, su yi ta aiki dare da rana ba tare da sun nuna fuska ba. Wata tana karɓar masu neman shafin intanet, wata tana tsaron rumbun bayanai, wata tana kai da kawon wasiƙun imel, wata tana daidaita agogo, wata tana ɗaukar kwafin ajiya cikin dare, wata kuma tana gadi domin kada ƙwayar cuta ta shigo.

A tsarin Windows ana kiran kowace ɗaya daga cikinsu sabis. A tsarin Unix da Linux kuwa sunanta daemon. Masu bincike a Cibiyar Fasaha ta Massachusetts, wato MIT, a Amurka, su suka raɗa wannan suna a 1963. Sun aro shi ne daga wani aljani na ƙage da masanin kimiyya James Clerk Maxwell ya kwatanta a 1867, wanda ke zaune bakin wata 'yar ƙofa yana tantance ƙwayoyin iska ba ji ba gani. Shi ya sa sunayen da yawa daga cikinsu ke ƙarewa da harafin d, kamar httpd da sshd da crond. Ni dai a nan zan kira su hadimai, domin hadimi yana da ubangida, yana tashi da umarni, yana kuma zama da umarni. Kiran su aljanu shi ke sa mutane su ɗauka sun ga dama ne suka tafi.

Kada mai karatu ya raina ƙanƙantarsu. Ɗauki hadimin agogo alal misali. A gidan kwamfutocin da ke tantance ma'aikata da tsarin Kerberos, idan agogon wata na'ura ya saɓa da na shugabar gidan da fiye da minti 5, to ba za a yarda da ita ba, ko da kalmar sirrin daidai take. Ma'aikaci zai yi ta rantsuwa bai manta kalmarsa ba, gaskiya kuma ya faɗa. Laifin na wani hadimi ne da ya yi kwanaki a kwance ba wanda ya kula.

Tsayawa Daban, Faɗuwa Daban, Hanawa Daban

Ɗalibin nahawu ya san bambancin aikatau ƙi-karɓau da so-karɓau. Tun a 1960 F. W. Parsons ya kasa aikatan Hausa zuwa giredi bakwai, kuma a na biyar ne muke samun irin su fitar da, da zaunar da, da tsayar da. Idan aka ce "jaki ya tsaya," magana ta ƙare a kan jaki: ko ya gaji, ko ya ga rami. Idan kuwa aka ce "an tsayar da jaki," to akwai hannun wani. Wannan 'yar kalma "an" tana ɓoye sunan mai aikin, amma ba ta musanta cewa akwai shi ba. Dukkan aikin mai binciken saba shi ne ya gano wanda ke laɓe a bayan "an."

Haka abin yake a cikin na'ura. Hadimi yana iya tsayawa cikin lumana, saboda ya gama aikinsa ko an ce ya huta, kuma in an kira shi zai amsa. Yana iya faɗuwa, wato ya ci karo da abin da ya fi ƙarfinsa. Dalilan faɗuwa sanannu ne ga masu sana'ar. Wani lokaci faifai ne ya cika maƙil har babu inda zai rubuta ko harafi ɗaya. Wani lokaci ƙwaƙwalwar aiki ce ta ƙare, sai Linux ya zaɓi wani mai yawan ci ya kashe domin sauran su tsira. Wani lokaci an sauya kalmar sirrin asusun da hadimin ke shiga da shi ba a gaya masa ba, sai Windows ya nuna kuskure mai lamba 1069. Wani lokaci wanda ya dogara da shi ne bai tashi ba, shi ne lamba 1068. Wani lokaci kuma nawa ce ta yi masa yawa, ya wuce daƙiƙa 30 da aka ɗibar masa bai ce "na'am" ba, sai a ga lamba 1053.

Hali na uku shi ne hanawa, kuma shi ne abin da ya fi damuna. A rajistar Windows kowane hadimi yana da lambar da ke nuna yadda zai tashi. Lamba 2 na nufin ya tashi da kansa duk lokacin da aka kunna na'ura. Lamba 3 na nufin sai an kira shi. Lamba 4 kuwa na nufin an hana shi tashi sam, ko an kira shi ba zai amsa ba, sai dai a sami kuskure mai lamba 1058. A Linux, inda manhajar systemd da ta fito a 2010 ta zama shugabar hadimai a yawancin manyan tsare-tsare, akwai matakai biyu. Umarnin disable yana cire sunan hadimi daga jerin masu tashi da asuba, amma ana iya tada shi da hannu. Umarnin mask kuwa toshe ƙofarsa yake yi gaba ɗaya.

Abin lura a nan shi ne lamba 2 ba ta rikiɗewa ta koma 4 don zafin rana ko don tsufan na'ura. Sai an rubuta ta. Ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya zo ya mayar da 4 ta koma 2 ya tafi abinsa, ya goge amsa ne ba tare da ya karanta tambaya ba.

Wa Ke Bayan "An"?

Waɗanda ake zargi ba su da yawa, kuma kowannensu yana da irin sawunsa.

Na farko shi ne mantuwa. Tada hadimi yau daban, ba shi izinin tashi kullum daban. A Linux umarnin start na yau ne kawai, umarnin enable shi ne na kullum, kuma a tsarin Red Hat da danginsa galibi sabon hadimi ba ya zuwa da wannan izini sai an ba shi. Sai mutum ya girka manhaja, ya tada ta da hannu, ya ga tana aiki, ya tafi. Ta yi wata uku lafiya lau. Ranar da wuta ta ɗauke, janareta ya yi jinkiri, batirin ko-ta-kwana ya ƙare, sabar ta mutu ta dawo, sai a nemi hadimin a rasa. Kowa ya ce ba zato ba tsammani ya kashe kansa, alhali tun ranar farko ba a sa sunansa cikin masu tashi ba. A inda wuta ba ta ɗaukewa irin wannan sakaci kan yi shekara a ɓoye. A wurinmu kuwa, inda ɗaukewar wuta ta zama ruwan dare, ba ya daɗewa asirinsa ke tonuwa.

Na biyu shi ne sabuntawar da ba ta kammala ba. Masu kula da Exchange, manhajar imel ta kamfanin Microsoft, sun san wannan sarai. Shirin da ke sabunta ta yakan tsayar da hadimanta ya kuma hana su tashi kafin ya fara aiki, don kada wani ya farka ana tsakiyar sauya masa kayan ciki. In ya gama sai ya mayar da kowa matsayinsa. To idan aikin ya katse a tsakiya, sai a wayi gari hadiman duk suna kan lamba 4. Tada su ɗaya bayan ɗaya ba tare da an ƙarasa sabuntawar ba tamkar tada marar lafiya ne daga gadon tiyata ba a ɗinke shi ba.

Na uku shi ne doka, ko abokin aiki mai kyakkyawar niyya. A tsakiyar 2021 aka gano wata ɓaraka da aka yi wa laƙabi da PrintNightmare a jikin Print Spooler, hadimin da ke jera takardu zuwa firinta. Ta wannan ɓaraka maƙiyi na iya karɓe ragamar na'ura. Kamfanin Microsoft da hukumar tsaron intanet ta Amurka, CISA, suka ba da shawarar a kashe wannan hadimi a duk sabar da ba ta buga takarda, musamman waɗanda ke riƙe da asusun ma'aikata. Ka ga ke nan wanda ya zo washegari ya tarar da shi a kashe ya kunna, yana ganin ya yi gwaninta, ƙofar da aka kulle da gangan ya buɗe. A manyan ma'aikatu ma ba da hannu ake irin wannan kashewa ba. Akan rubuta doka guda a tsakiya, kwamfutocin Windows su riƙa komawa suna duba ta kusan kowane minti 90, dokokin tsaro kuma a sake ɗora su duk awa 16 ko da ba a sauya komai ba. A ɓangaren Linux, manhaja irin Puppet takan zagayo kowane minti 30 ta mayar da komai yadda aka rubuta mata. Saboda haka idan ka tada hadimi ya sake kwanciya, ka sake tadawa ya sake kwanciya, kuma tsakanin kwanciya da kwanciya lokaci ne mai tsari, to da doka kake kokawa. Je ka nemi wanda ya rubuta ta.

Na huɗu shi ne kariyar da na'ura ke yi wa kanta. Manhajar IIS mai ɗaukar shafukan intanet a Windows tana da ƙa'ida: idan ɓangaren da ke ɗauke da wani shafi ya faɗi sau 5 cikin minti 5, sai ta dakatar da shi, masu ziyara su riƙa ganin lamba 503. Ita ma systemd, idan hadimi ya nemi tashi fiye da sau 5 cikin daƙiƙa 10, sai ta daina tada shi. Har manyan kamfanoni wannan ya taɓa kamawa. Ranar 4 ga Oktoba, 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɓace daga intanet na kimanin awa shida. Wani umarni da aka bayar lokacin gyara ne ya yanke hanyoyin da suka haɗa cibiyoyin kamfanin. Sabobin da ke nuna wa duniya adireshin Facebook kuwa an gina su ne a kan su janye kansu idan suka kasa jin cibiyoyin, sai suka yi abin da aka koya musu. Irin wannan kariya tamkar fis ɗin wutar lantarki ce. Fis ba ya ƙonewa sai wuta ta yi yawa. Wanda ya cire shi ya ɗaura waya mai kauri a madadinsa ya dawo da haske, amma ya sa gidan a bakin gobara.

Na biyar, wanda ya fi kowa haɗari, shi ne ɓarawo. Gogaggen ɓarawo ba ya fara da ɗakin kaya, da karen gidan yake farawa. Tsutsar Conficker da ta ɓulla a Nuwamba 2008 ta kama miliyoyin kwamfutoci, kuma cikin ayyukanta har da kashe hadimin sabunta Windows, da Windows Defender mai gadi, da mai kai rahoton kuskure, don kada magani ya iso. WannaCry ta Mayu 2017, wadda ta durƙusar da asibitoci da dama a Ingila, takan kashe manhajojin rumbun bayanai da na imel domin su saki fayilolin da ke hannunsu ta samu ta kulle. Ryuk da ta bayyana a 2018 tana tafe da dogon jerin sunayen hadiman gadi da na ajiyar kwafi, ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta tsayar kafin ta fara garkuwa da bayanai. Don haka idan aka wayi gari mai gadi da mai ɗaukar kwafi suna kwance tare, kuma ba wanda ya san dalili, to ba ƙaramar magana ba ce. Wataƙila wannan ne gargaɗi na ƙarshe kafin a ga takardar neman kuɗin fansa a kan allo.

Matambayi Ba Ya Ɓata

Ta yaya za a bambance waɗannan biyar? Abin farin ciki shi ne na'ura ba ta da ɓoye-ɓoye. Tana da kundin da take rubuta abin da ya auku, da ranarsa da sa'arsa har da daƙiƙarsa. Matsalar ita ce ƙarancin masu karantawa.

Tambaya ta farko ita ce: a wane hali yake? A Windows a duba lambar tashinsa, a Linux a tambayi systemctl. Wannan kaɗai ya isa ya raba faɗuwa da hanawa. Ta biyu: yaushe abin ya faru? A kundin Windows, shigarwa mai lamba 7031 ko 7034 na nufin hadimi ya faɗi ba shiri. Mai lamba 7040 kuwa na nufin an sauya masa yadda yake tashi, tana kuma faɗin daga wane matsayi zuwa wane. A Linux umarnin journalctl ne ke buɗe kundin. Ta uku: da wane asusu aka yi? In sunan wani ma'aikaci ne, a kira shi a tambaye shi, ba don a ci masa fuska ba, domin a ji dalilinsa. In kuwa asusun na'urar ne da kanta, sai a koma tambaya ta huɗu: me kuma ya faru a daidai wannan minti? An girka sabuntawa? An sauya doka? An ga lamba 7045, wadda ke nuna an dasa wani sabon hadimi da ba wanda ya san shi? Idan kuma aka tarar da kundin fes, sai lamba 104 ko 1102 kawai a samansa, to wani ne ya share shi. Wanda ya share sawunsa kuwa ya san abin da ya taka.

Masu Cewa Lokaci Ba Ya Jira

Na san abin da wasu za su ce, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Za su ce: ranar rufe rajista ce, ɗalibai dubbai suna jira, shugabanni suna ta bugo waya, kai kuma kana cewa a zauna karatun kundi? Ai a tada abu tukuna, bincike ya biyo baya.

Ban ce a bar jama'a a rana ba. Abin da nake cewa shi ne duba halin hadimi, da rubuta lokacin, da kwafe kundi zuwa wani wuri, duka ba su wuce 'yan mintoci ba. Binciken da aka ce zai biyo baya kuwa kowa ya san ba ya zuwa, domin da zarar shafi ya buɗe an manta. Ko da an tuna, sau da yawa shaidar ta tafi. A wasu na'urorin Linux kundin yana zaune ne a ƙwaƙwalwar wucin gadi, kashewa da kunnawa ɗaya ya isa ya shafe shi, sai in an tanadar masa wuri a faifai. A Windows kuma kundin yana da iyakar girma, in ya cika sabon rubutu ke hawa kan tsoho. Wato "kashe ka kunna" ba ta tsaya ga ƙin tambaya ba, har shaidun take kora.

Wasu kuma za su ce ai akwai hanyar da za a sa na'ura ta riƙa tada hadimi da kanta duk lokacin da ya faɗi. Gaskiya ne, akwai ta a Windows da Linux, kuma tana da amfani. Sai dai ba ta tada wanda aka hana tashi. Sa'annan idan ba a haɗa ta da mai ƙirga yawan faɗuwar ba, sai ta zama maganin ciwon kai da ake ba mai hawan jini: zafi ya lafa, cuta na nan tana cin jiki. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Shirun Da Ya Fi Ƙara Haɗari

Hadimin da ke ɗauke da shafi in ya kwanta, cikin minti ɗaya kowa ya sani. Wanda ake tsoro shi ne wanda kwanciyarsa ba ta da ƙara. Abin da ya sami kamfanin GitLab ranar 31 ga Janairu, 2017, ya isa darasi. Cikin dare wani injiniyansu yana ƙoƙarin gyara, sai ya goge bayanai daga babban rumbu a zaton na biyu ne. Aka ce ba komai, a ɗauko kwafin ajiya. Da aka duba sai aka tarar wurin ajiyar wayam. Aikin da ke ɗaukar kwafi kullum ya daɗe yana faɗuwa, saboda manhajar da yake amfani da ita tsohuwa ce, ba ta dace da sabon rumbun ba. Ya kuma riƙa aika wasiƙar kuka ta imel, amma ana mayar da wasiƙun ba sa isa ga kowa. Abin da ya cece su shi ne wani kwafi da aka ɗauka da hannu kimanin awa shida kafin ɓarnar, kuma bayanan waɗannan awoyi shida sun tafi ke nan. Abin yabo a nan shi ne kamfanin ya wallafa cikakken bayanin abin da ya faru, bai ce "saba ta faɗi" ya yi shiru ba.

Darasin shi ne rashin jin kuka ba shaidar lafiya ba ce. Ya kamata kowace ma'aikata ta sa ido a kan hadimanta daga wata na'ura dabam, ta yadda in mai ɗaukar kwafi bai ce "na gama" ba yau, wani zai ji a wayarsa. Ya kamata kuma lokaci-lokaci a gwada dawo da bayanai daga kwafin, a kuma kashe saba a kunna da gangan a ranar da babu cunkoso, a ga wa ya tashi wa bai tashi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ina Ruwan Ɗalibin Harshe?

Ruwanmu a ciki da yawa. Sakamakonmu a saba yake. Kundayen digirinmu, da muryoyin da muke naɗowa daga bakin tsofaffi, da ƙamus irin na Bargery na 1934 da yanzu ake dubawa a intanet, duk a hannun waɗannan hadimai suke. Da yawanmu kuma za mu ƙare a gidajen rediyo da maɗaba'u da ofisoshi, inda wanda ya ɗan iya kwamfuta shi ake miƙa wa makullin ɗakin saba.

Bayan haka akwai aikin fassara. Mu ne za mu zuba waɗannan manhajoji cikin Hausa. Idan mai fassara ya tara tsayawa da faɗuwa da hanawa ya kira su duka "kashewa," to ya rufe wa mai gyara ido tun kafin ya fara. Hausa kuwa ba ta rasa kalmomin ba: ya tsaya, ya faɗi, an dakatar da shi, an hana shi tashi, an toshe shi. Kowace da ma'anarta, kowace da irin maganinta. Haka nan wajen kai rahoto. Wanda ya ce "ba ya yi" bai taimaki kowa ba. Wanda ya ce "tun ƙarfe tara shafin biyan kuɗi ke nuna 503, amma na sakamako yana buɗewa" ya rage wa mai gyara rabin aiki.

Kammalawa

Shawarata ga masu kula da sabobi a makarantunmu da ma'aikatunmu ba ta da tsada. Kowane mutum ya shiga da asusunsa, a daina raba kalmar sirri guda ga mutum biyar, domin in kowa shugaba ne to "an" ba za ta taɓa samun suna ba. A ajiye littafi, ko da na takarda ne, duk wanda ya kashe wani hadimi da gangan ya rubuta rana da dalili. A riƙa tura kwafin kundi zuwa wata na'ura da ɓarawo ba zai kai gare ta da sauƙi ba. Su kuma shugabanni su daina auna ma'aikaci da saurin kunnawa kawai. Bayan an dawo da aiki su tambaye shi: me ya kashe shi, kuma me ka yi don kada ya sake?

Mu kuma ɗalibai, in aka sake ce mana "saba ta faɗi," ba laifi ba ne mu tambaya cikin ladabi: faɗuwa ta yi, ko kayar da ita aka yi? Ma'aikatar da ke iya amsa wannan tambaya ita ce wadda za mu iya damƙa wa sakamakonmu mu yi barci.